Mazaɓar Melbon: yaya wanda ya fi kowa ƙuri'a ya rasa kujerarsa?

Ɗan Kurmi:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu bibiyar siyasar Ostireliya ce. A zaɓen 3 ga Mayu 2025, a mazaɓar Melbon ta Majalisar Wakilai, Adam Bandt shugaban jam'iyyar Girins ta masu rajin kare muhalli ya samu sama da kashi 39 cikin ɗari, Sarah Witty ta jam'iyyar Leba ta samu kusan 31, amma ita aka bai wa kujerar. Babu wanda ya yi kukan maguɗi, ba a je kotu ba, shi da kansa ya fito ya ce ya sha kaye. Sannan na ga an ce a 2010 shi ma na biyu ya zo amma ya ci. Wane irin lissafi ne wannan? Kuma me ya raba Leba da wannan mazaɓa tun farko, alhali ta riƙe ta fiye da shekara ɗari?

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam Malam. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne kana kallon zaɓen da idon namu, inda a kujerar majalisa wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne da nasara ko da tazarar ƙwaya ɗaya ce. Ostireliya ta bar wannan tsari tun 1918. Can ba dangwala yatsa ake yi a gaban mutum ɗaya ba, jera 'yan takara ake yi da lamba.

Ranar Asabar ake zaɓe, daga takwas na safe zuwa shida na yamma, kuma fita dole ce tun 1924. Wanda ya ƙi ba tare da uzuri ba tarar dala 20 ce a kansa. Za a miƙa maka takarda koriya ta Majalisar Wakilai da fensir. In 'yan takara bakwai ne, akwati bakwai za ka gani, sai ka sa 1 a wanda ka fi so, 2 a mai bi masa, har ka kai 7, har da wanda ko gaisawa ba ka son yi da shi. A nan ƙuri'u ke lalacewa. Wanda ya sa 1 kaɗai ya ninke takarda, tasa ta tashi a banza. Wanda ya maimaita lamba, ya sa 3 sau biyu, haka. Mai alamar maki ko gicciye, haka. Sassaucin da doka ta yi shi ne in akwati ɗaya tak ka bari fanko, sauran kuma sun jeru daidai, sai a ɗauka shi ne zaɓinka na ƙarshe.

Wajen ƙidaya, ana fara tara masu lamba 1. In wani ya haura rabi, magana ta ƙare. In babu, sai a cire na can ƙasa, a ɗauki takardunsa ɗaya bayan ɗaya a duba wa aka sa wa 2, a ɗora a tarin wannan. A sake cire na ƙasa. Haka har ya rage mutum biyu. Ke nan takardar wanda ya zaɓi na uku ba ta mutu ba, ita ce ma ke raba gardama.

Yanzu ɗauki 2025 kamar masu zaɓe ɗari ne. Bandt 39 da rabi, Witty 31 da ɗoriya, 'yar takarar Libaral (jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, babbar abokiyar hamayyar Leba) kusan 20, ƙananan 'yan takara kusan 9. Wato akwai takardu kusan 29 da za a raba tsakanin mutum biyun farko. Witty ta kwashi kusan 22, Bandt bai fi 7 da rabi ba. Aka tashi 53 da 47. Kusan uku cikin kowane huɗu sun fi son Leba a kan Girins, kuma ba abin mamaki ba ne, don mai zaɓen Libaral Girins ce ta fi yi masa nisa.

To 2010 fa? Juya takardar. Cath Bowtell ta Leba ta samu kusan 38, Bandt 36, Libaral kusan 21. Amma a shekarar Libaral ta yanke shawarar ta ƙuntata wa Leba, sai ta sa Girins sama da Leba a katin da take raba wa magoya bayanta. Wannan kati shi ne asirin abin. A ƙofar kowace rumfa za ka tarar da 'yan sa-kai sanye da rigunan jam'iyyu suna miƙa wa mutane ƙaramar takarda mai hoton takardar ƙuri'a, an riga an cika lambobin. Ba dole ba ne ka bi, amma da yawa kwafa kawai suke yi, musamman dattawan Libaral. Bandt ya kwashi sama da uku cikin huɗu na takardun da aka raba, ya tashi da 56.

A 2013 Tony Abbott, shugaban Libaral na lokacin, ya ce an daina, ko'ina a ƙasar a sa Girins ƙasa da Leba. Kowa ya zaci ta Bandt ta ƙare. Abin da ya cece shi shi ne masu ba shi lamba 1 sun tashi zuwa kusan 43, Leba ta faɗo ƙasa da 27, ya tsira da 55. A 2016 da 2019 kuwa Leba ce ta zo ta uku, takardunta suka kwararo masa, shi ya sa ake ganin 68 da kusan 72 a tarihin mazaɓar har mutum ya ɗauka gari duk nasa ne. Ba haka ba ne. Tazarar ta nuna wanda aka cire ne kawai. In Leba ta zo ta uku, Girins ta yi kwance-kwance. In Libaral ta zo ta uku, sai Girins ta kusanci rabi da ƙarfin kanta kafin ta sha.

Uwar Biyu:

Mai Lissafi ya gama da ɓangaren ƙidaya, Allah ya saka. Ni zan taɓa rabin tambayar na biyu, don ƙanina ka tambayi abin da ya fi lissafin daɗewa.

Melbon na cikin mazaɓun farko da aka yi zaɓe a kansu a 1901, lokacin da yankunan Ostireliya suka haɗu suka zama tarayya, kuma a birnin ne majalisar ƙasa ta zauna har 1927 kafin a koma Kanbera. Wanda ya fara riƙe kujerar ba ɗan Leba ba ne: Malcolm McEacharn, attajiri mai kamfanin jiragen ruwa, tsohon magajin garin. A zaɓen 1903 ya kayar da William Maloney na Leba da tazarar da ba ta kai ƙuri'a ɗari ba, kotu ta soke zaɓen, aka sake a 1904, Maloney ya ci. Daga nan har 2010, shekara 106, mutum biyar kacal suka zauna a kujerar, duk 'yan Leba. Maloney, likita mai duba talakawa, ya yi shekara 36 har rasuwarsa a 1940. Arthur Calwell ya yi 32. Sai Ted Innes daga 1972, Gerry Hand daga 1983, Lindsay Tanner daga 1993.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Unguwannin da suka kewaye tsakiyar birnin na leburori ne: 'yan dako a tashar jiragen ruwa da ta jirgin ƙasa, ma'aikatan masana'antar takalma a Collingwood, masu aiki a kamfanin giya na Abbotsford, masu ɗinki, mahauta. Gidaje ƙanana manne da juna, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, haya ake yi. Babban zauren ƙungiyoyin ƙwadago na Carlton yana nan, kuma a harabar Jami'ar Melbon ne magina masu sassaƙa dutse suka ajiye aiki a Afrilun 1856 suna neman aikin awa takwas a rana, suka kuma samu. A irin wannan wuri ainihin zaɓen a cikin jam'iyya ake yinsa. Wanda ya samu tikitin Leba ya gama.

Abu ɗaya da ke rikita masu karanta tarihin: Melbon ta yau ta haɗiye wata tsohuwar mazaɓa mai suna Yarra, wadda ta ƙunshi Richmond da kewayenta, aka soke ta a 1969. Daga Yarra James Scullin ya fito, firaministan da ya hau mulki a 1929 daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye. A can kuma rikicin 1955 ya fi zafi, lokacin da Leba ta dare gida biyu kan batun kwaminisanci, 'yan Katolika da yawa suka fice suka kafa tasu jam'iyyar. Ɗan majalisar Yarra, Stan Keon, yana cikin waɗanda suka fice, Jim Cairns na Leba ya kayar da shi. Calwell kuwa, Katolika ne na gaske, amma ya ƙi fita, abin da ya jawo masa ɓacin rai da mutanen cocinsa. 'Yan tawayen suka shekara kusan ashirin suna tura zaɓinsu na biyu ga Libaral, Leba ba ta ga mulkin tarayya ba sai 1972. Ka ga ke nan wannan wasa na lamba 2 ba a kan Bandt aka fara shi ba.

Calwell ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Shi ne ministan shige da fice na farko a ƙasar, daga 1945 zuwa 1949, shi ya buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijirar Turai bayan yaƙi, amma kuma shi ne mai tsananin kare manufar ƙasa ta fararen fata zalla, har ya mutu bai sauka daga kai ba. Ya jagoranci Leba daga 1960 zuwa 1967. A 1961 ta leƙo ta koma, firaminista Menzies na Libaral ya tsira da kujera 62 da 60. A 1966, yana tsaka da adawa da tura sojoji Biyetnam, wani matashi ya harbe shi a Sidni yana cikin mota, gilashi ya tare, ya tsira da raunuka a fuska. Ƙofar da ya buɗe ita ta canza mazaɓarsa: Italiyawa suka cika Carlton, Girkawa suka cika Richmond, bayan 1975 'yan Biyetnam suka mayar da titin Victoria kasuwarsu. Gerry Hand shi ma ministan shige da fice ya zama, kuma a zamaninsa, 1992, aka kafa dokar tsare duk wanda ya shigo ba biza. Mazaɓa ɗaya, ministoci biyu, ɗaya ya buɗe ɗaya ya sa sakata.

A shekarun 1960 hukumar gidaje ta jiha ta rushe layuka da dama da ta kira matattarar talauci, ta gina dogayen benaye masu hawa ashirin ko kusa da haka, irin guda huɗun nan na Fitzroy. Yau mazauna cikinsu akwai 'yan Somaliya, Eritiriya, Habasha, Sudan, Biyetnam da Sin. Gidajen da suka tsira daga rusau ɗin su ne suka ci Leba. Masana'antu suka rufe ko suka koma bayan gari daga shekarun 1970, 'ya'yan leburori suka bi su. Malaman jami'a, lauyoyi, likitoci, ɗalibai da masu zane-zane suka shigo, suka saye tsoffin gidajen suka gyara. Ɗakin da aka raini yara shida a ciki ya zama gidan mata da miji masu digiri da keke biyu a ƙofa. Masana'antar takalma ta zama gidajen haya masu tsada. Waɗannan mutane ba 'yan Libaral ba ne, amma ba su gaji katin Leba daga uba ba. Abin da ke gabansu sauyin yanayi, 'yan gudun hijira, auren jinsi, sufurin gwamnati.

A 2007 Bandt, lauyan ƙwadago, ya zo na biyu bayan rabon takardu, Tanner ya tsira da ƙasa da 55. A Afrilun 2010 gwamnatin Kevin Rudd ta jingine shirinta na rage hayaƙi. Ranar 24 ga Yuni, ranar da Julia Gillard ta karɓe shugabanci daga Rudd, Tanner wanda shi ne ministan kuɗi ya ce ba zai sake tsayawa ba. Farin jininsa na kansa ya tafi da shi. Bandt ya zama ɗan Girins na farko da ya ci kujerar Wakilai a babban zaɓe (an taɓa samun ɗaya a 2002, amma a zaɓen cike gurbi ne). Sai aka yi dace manyan ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, 72 da 72, Gillard na buƙatar 76. Ta samu da Bandt da 'yan kashin kai uku, kuma cikin abin da yarjejeniyar ta haifar akwai harajin hayaƙi na 2012. Sabon shiga ya wayi gari gwamnati na jingine da ƙuri'arsa. Wannan ne ya ba shi abin nunawa a 2013.

Ɗan Agadas:

Hajiya, bayani ya yi. Amma ku biyun kun tsallake taswira, kuma a ganina ita ta kayar da Bandt tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

A Ostireliya ba 'yan siyasa ke shata iyakar mazaɓu ba, wani kwamiti ne ƙarƙashin hukumar zaɓe. Ana sakewa duk shekara bakwai, ko kuma da zarar adadin kujerun jiha ya canza. Ƙa'idar lamba biyu ce: a ranar shatawa kada wata mazaɓa ta wuce ko ta gaza matsakaicin adadin masu zaɓe da fiye da kashi 10, sannan a hasashen shekara uku da rabi gaba kada ta kauce da fiye da kashi 3 da rabi. Ta biyun ce mai wahala, ita ke tilasta a riƙa yanka unguwanni. Jam'iyyu da jama'a na aika shawara, a fito da daftari, a saurari ƙorafi, a yanke. Daga nan ba ɗaukaka ƙara.

A 2024 jihar Biktoriya, inda Melbon take, ta sauko daga kujera 39 zuwa 38. Wadda aka soke ita ce Higgins, maƙwabciyar Melbon ta kudu maso gabas. Dole a raba mutanenta. Sai aka tsallakar da Melbon kogin Yarra, aka ɗora mata South Yarra da wani ɓangaren Prahran, yankin masu hali inda Libaral ke da ƙarfi. Don a daidaita adadi aka yanke mata arewa: Fitzroy North, Carlton North, Princes Hill da Clifton Hill suka koma mazaɓun Wills da Cooper. Waɗannan su ne rumfunan da Girins ke cin fiye da rabi da lamba 1 kaɗai. An cire tsoka an maye gurbinta da ƙashi.

Da masana suka sake lissafa ƙuri'un 2022 a kan sabuwar taswira, lamba 1 ta Bandt ta sauko daga kusan 50 zuwa kusan 45, abin da ya ɗara rabi da shi bayan rabon takardu kuma daga maki 10 zuwa ƙasa da 7. Ga kuma abin da ba ya fitowa a lissafi: ɗan majalisar da ya shekara goma sha biyar yana da mutanen da ke zaɓensa don ofishinsa ya taɓa warware musu matsalar biza ko ta haya. Waɗanda aka yanke sun tafi da wannan alheri wata mazaɓar, sababbin kuma ba su san shi ba sai a talabijin. Abin takaici ga Girins, unguwannin da aka kai Wills ba su ishe ta cin Wills ɗin ba, Peter Khalil na Leba ya tsira da ƙyar a hannun Samantha Ratnam ta Girins. An yi biyu babu.

Mai Lissafi:

Ɗan Agadas, taswira ta yi rabin aikin, ban yarda ta yi duka ba. Lambobinka ma sun nuna. Taswira ta kai shi 45, akwati ya ba shi 39 da rabi. Sauran biyar ɗin mutane ne suka canza ra'ayi.

Gwada wannan. In Leba na kan 31, kuma Girins na samun ɗaya cikin huɗu na takardun da ake rabawa, Bandt na buƙatar tsakanin 43 da 44 a lamba 1 kafin ya haye rabi. Da ya riƙe 45 ɗin da sabuwar taswira ta bar masa, da ya sha, ko da da ƙyar ne. Kuma alamar ta fito tun Fabrairun 2025, da Girins ta rasa kujerar Prahran ta majalisar jiha a zaɓen cike gurbi, a daidai yankin da aka ɗora wa Melbon.

Me ya janye biyar ɗin? A nan ra'ayi ne, ba lissafi ba. Ni ina ganin abu biyu. Na farko, zaɓe ne da mutane suka fito don hana Peter Dutton, shugaban Libaral na lokacin, mulki, suka ga hanya mafi gajarta ita ce Leba. Ta tashi da kujera 94 cikin 150, Dutton da kansa ya rasa tasa. Na biyu, Girins ta shafe watanni tana riƙe dokokin gidaje na gwamnati a Majalisar Dattawa tana neman a ƙara, daga baya ta sa hannu, Leba kuwa ta yi ta yayata cewa su ne masu tare hanya. A mazaɓar da yawancin mutane 'yan haya ne, wannan magana tana shiga kunne. Wasu na ƙara batun Gaza, amma wannan takobi ne mai kaifi biyu, ya rage mata a wasu rumfuna ya ƙara mata a wasu.

Ka lura kuma a faɗin ƙasa ƙuri'ar Girins ba ta wani motsa ba, tana nan kusan 12 cikin ɗari. Amma kujerunta na Wakilai sun sauko daga huɗu zuwa ɗaya. Brisbane da Griffith sun tafi, Ryan ta tsaya, kuma dalilin tsayawarta shi ne can Leba ce ta zo ta uku.

Ɗan Kurmi:

Na gode ƙwarai, kai ya waye. Saura ɗaya: me ya sa aka kwana biyar kafin Bandt ya amsa kaye, alhali an san wanda ya ci ƙasa tun daren zaɓe?

Uwar Biyu:

Abu biyu ne ƙanina. A daren zaɓe ba a yin cire-ciren nan ɗaya bayan ɗaya, don sai duk takardu sun hallara. Hukumar zaɓe kan yi hasashen mutum biyun da za su kai ƙarshe tun kafin ranar, ta rufe sunayen a ambulan, a buɗe bayan ƙarfe shida. A kowace rumfa, bayan an ƙirga lamba 1, sai a raba takardun sauran 'yan takara tari biyu gwargwadon wanda ya fi ƙaramar lamba cikin biyun nan, wakilan jam'iyyu na tsaye suna kallo ba sa taɓa takarda. A mazaɓa mai ƙafa uku irin Melbon, in hasashen ya kuskure sai an warware an sake daga farko, rumfa bayan rumfa.

Na biyu, ƙuri'un gidan waya. Doka ta ba su kwana 13 bayan zaɓe su iso, kuma masu aiko su galibi tsofaffi ne da masu hali, ba mutanen Girins ba. Rumfunan ranar zaɓe a Fitzroy da Collingwood kan fara fitowa su nuna Girins a sama, sai ambulan su riƙa zaftare tazarar kullum. Ranar 8 ga Mayu Bandt ya ga takardun da suka rage ba za su cike giɓin ba, ya kira Witty ya taya ta murna. Mako guda bayan nan jam'iyyar ta zaɓi Larissa Waters, sanata daga Kwinsland, ta gaje shi a shugabanci.